Makero a jikin mage da kare: shafawa, wanka ko haɗiya?

Cikin watan Agusta ne, damina ta kankama, ƙanena ya dawo daga Kano da 'yar kyanwa a kwali, irin masu dogon gashin nan da guntun hanci da ake ce wa 'yan Farisa. Ya ce tsarabar yara ce. Kafin magariba duk yaran layinmu a Ƙofar Ƙaura, nan Katsina, sun zo kallo, kowa na son ya ɗauka. Sati biyu da 'yan kwanaki, ɗiyata ta tsakiya ta tashi da wani zobe ja a gefen wuya, kamar an danna mata bakin kwalbar lemo. Kakarsu ta duba sau ɗaya ta ce, "Makero ne wannan. Ku duba magen nan da take kwana da ita." Muka buɗa gashin bayan kunnen kyanwar, sai ga wuri kamar faɗin murfin kwalba, gashin ya karairaye, fatar ta yi furu-furu kamar an barbaɗa toka.

A yinin nan kaɗai shawara uku na samu. Maƙwabcina mafarauci ya ce baƙin mai. Wani mai kemis ya miƙo mini man shafawa. Wani abokin aiki ya ce a kai ta a yi mata allura ɗaya, shi ke nan. Na bi ta mai kemis, na yi asarar sati uku kafin na kai ta wurin likitan dabbobi. Abin da ke ƙasa shi ne abin da na so a ce wani ya zaunar da ni ya faɗa mini a ranar farko.

Turawa suna kiran makero da sunan tsutsa, amma babu tsutsa ko ɗaya a cikinsa, don haka maganin tsutsa ba ya taɓa shi. Dangin fumfuna ne, abincinsa kuma gashi da farce da busasshen saman fata. A jikin mage, kusan kullum nau'in da ake kira Microsporum canis ne, wanda ke kama kare da mutum ma. Karen farauta da ke tona ramin gafiya da ɓera yakan kwaso wani daban, Trichophyton mentagrophytes, wanda shi ne kuma ya fi damun zomaye. Akwai na uku da ke zaune a cikin ƙasa. Daga ranar da aka ɗauka zuwa ranar da tabo zai bayyana, sati 1 zuwa 3 ne.

Yadda yake aiki shi ne mabuɗin zaɓen magani. Yakan bi silin gashi ya gangara har cikin ramin da gashin ke tsirowa, ya cinye shi ta ciki, gashin ya karye ya faɗi ɗauke da ƙwayoyin iri da ido ba ya gani. Irin nan yana iya kai wata 18 a kan darduma ko a lungun ɗaki bai mutu ba. Ke nan akwai cutar da ke can ƙarƙashin fata inda man shafawa ba ya kaiwa, akwai kuma irin da ke kwance a kan gashi yana jiran hannun yaro, wanda ƙwayar haɗiya ba ta kashewa. Kowane magani da za a ambata, ɗayan biyun nan yake yi wa aiki.

Kafin a kashe ko kwabo

A tabbatar makeron ne. A wajen kare musamman, yawancin tabon da ya zagaye ya zubar da gashi ba makero ba ne. Sau da yawa ƙurajen ƙwayoyin bakteriya ne, ko ƙazuwa. Ƙazuwa irin mai yaɗuwa tana sa susa ba dare ba rana, har kare ya fasa gefen kunnensa da gwiwar hannunsa. Makero kuwa ƙaiƙayinsa kaɗan ne, wani lokaci babu sam. Mage ita tata matsalar akasin haka ce: tana iya yawo da shi fes, ba tabo ko ɗaya, musamman mai dogon gashi, tana rabawa.

Allurar nan da abokin aikina ya ce a yi, ibamektin ce, wadda makiyaya suka fi sani da Ivomec. Magani ce ta gaske ga ƙazuwa da tsutsar ciki, amma makero ko gezau. Haka allurar oksitetirasaikilin da ake yi wa shanu da tumaki idan kirci ya kama su da damina: kirci bakteriya ne, makero ba shi ba ne. Wanda ya rikita ukun nan zai sayi magani mai kyau ya zuba a inda ba ya aiki.

Likitan dabbobi yana da hanyoyin rarrabewa. Akwai fitila mai shuɗin haske da ake kira fitilar Wood, a ɗaki mai duhu gashin da Microsporum canis ya kama yakan yi ƙyalli kore shar. Sauran nau'ukan ba sa ƙyalli, saboda haka rashin ganin haske bai wanke dabba ba. Ana iya tsige gashin gefen tabon a duba a madubin likita. Mafi tabbaci shi ne a shuka gashin a ɗakin gwaji a jira ya tsiro, abin da kan ci sati 2 zuwa 3. Idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna cikin manyan wuraren da za a iya kai ta.

A ƙyale shi ya tafi da kansa?

Yana tafiya. Dabba mai ƙoshin lafiya jikinta kan ci ƙarfin makero cikin kamar wata uku ko ba a yi komai ba. Ga karen gona da ke ɗaure can bayan gari, tabo ɗaya, babu yaron da ke zuwa kusa da shi, haƙuri da abinci mai kyau ba wauta ba ne. Amma magen da ke hawa katifa a gidan da ke da yara, tsofaffi ko mai ciwon suga, wata ukun nan na nufin wata uku ana shuka iri a kowane ɗaki.

A riƙe wannan magana ta wata uku, za ta yi amfani idan an zo kan baƙin mai.

Man shafawa

Shi ne mafi araha, shi ne kuma kowa ke fara kai hannu gare shi: kulotirimazol, wanda aka sani da Canesten, ko mikonazol, ko man tabinafin. A fatar mutum yana aiki sosai, shi ya warkar da wuyan ɗiyata. A jikin dabba kuwa gashi ne ke tare shi, kuma ba ya isa saiwa. Mage ba ta minti biyu ba ta lashe shi ba. Sannan tabon da ido ya gani kawai ake shafawa, alhali irin ya riga ya bazu har jela. Inda yake da amfani shi ne kare mai gajeren gashi da tabo ɗaya ko biyu, ko kuma a matsayin ƙari a wuraren da wanka ba ya kaiwa, kamar gefen ido da saman hanci. A rage gashin kewayen da almakashi, ba da reza ko injin aski ba, domin ɗan ƙwarzane kaɗan sabuwar ƙofa ce ga cutar. A shafa safe da yamma, a wuce bakin tabon kaɗan.

Wanda aka ba ni a kemis ba ma irin wannan ba ne. Mai haɗi uku ne, irin wanda mata suka sani, da sinadarin kashe kumburi a ciki. Kwana huɗu ja ya baje, ɓawon ya tafi, na ce an gama. Ashe an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Sinadarin danne garkuwar fata yake yi, makero ya samu fili. A sati na uku tabo ɗaya ya zama biyar, har da ƙafar gaba. Duk man da aka ga betametason ko kulobetasol a jikin kwalinsa, a mayar da shi kan kanta, ko na mage ne ko na yaro.

Wanka

A nan ne ake kashe irin da ke kan gashi, wato a nan ne ake tsare mutanen gida. Kowanne aka zaɓa, sau biyu ne a sati, jiki duka, ba wurin tabo kaɗai ba.

Wanda likitocin fatar dabbobi suka fi yarda da shi tsohon haɗi ne, ruwan farar wuta da aka dafa da farar ƙasa, ana sayar da shi a kwalba da kauri. Ana sirka kashi 1 da ruwa kashi 16, a jiƙa dabbar sharkaf da soso har fata, a bar ta ta bushe a haka, ba a ɗauraye. Rashin ɗaurayewar ne ƙarfinsa, domin yana ci gaba da aiki tsakanin wanka da wanka. Ana yi wa 'yan kyanwa ƙanana da mai ciki da mai shayarwa, abin da ba za a faɗa game da ƙwayoyin haɗiya ba. Aibinsa kuwa hanci ne zai fara ba da labari: warin ruɓaɓɓen ƙwai, yana rina farin gashi ya koma rawaya na ɗan lokaci, yana baƙanta zoben azurfa, yana ɓata tufafi. A hana mage lasar jikinta har ta bushe, a kiyaye ido. Ba kowane shagon maganin dabbobi ke ajiye shi ba, sau da yawa sai an yi sautu. Kuma ba ɗaya yake da garin farar wuta da ake kwaɓawa da man kaɗanya ba. Kada a yi gigin dafa shi a gida, hayaƙinsa guba ne, ruwansa na ƙona fata.

Na biyu sabulun ruwa ne mai haɗin mikonazol kashi 2 cikin ɗari da kulohegzidin kashi 2 cikin ɗari, wanda aka fi sani da Malaseb. Ba wari, ba rini. Sharaɗinsa kumfar ta yi minti 10 cur a jiki kafin a ɗauraye, kuma duk wanda ya taɓa riƙe jiƙaƙƙiyar mage ya san minti goma ba wasa ba ne. Haɗin ne ke aiki, kulohegzidin shi kaɗai ba ya wadatarwa. Idan ba a samu wannan ba, sabulun wanke kai na ketokonazol da ake sayarwa a kantin magani saboda amosanin ka, irin su Nizoral, shi ne madadin da ya fi sauƙin samu. Bai kai biyun farko ba, amma da babu gara ba daɗi. Da shi muka yi namu.

Na uku enilkonazol ne, sunan kasuwarsa Imaverol. Kashi 1 cikin ruwa kashi 50, wanka huɗu, kwana 3 zuwa 4 tsakani, shi ma ba a ɗauraye. An yi shi ne domin doki da saniya da kare. Mage kada a yi mata sai da sanin likita.

Yanayinmu yana da ta cewa. Da bazara wanka ba matsala, kafin a juya dabbar ta bushe. Da hunturu, Disamba da Janairu, 'yar kyanwa jiƙaƙƙiya tana iya sandarewa cikin ɗan lokaci. A yi da tsakar rana, da ruwa mai ɗumi, a ɗakin da iska ba ta kaɗawa. Zomo kuwa ba a tsoma shi a ruwa ko wane lokaci ne, firgita kaɗai na iya kashe shi. Dangwala masa ake yi da auduga.

Ƙwayar haɗiya

Ita ce ke bin jini ta isa saiwar gashi. Ga mage, ga duk dabba mai dogon gashi, ga wadda tabonta ya wuce biyu, ba makawa sai da ita. A nan ne kuma zaɓi ya fi wuya, domin mafi sauƙin samu a garin nan ba shi ne mafi aminci ba.

Girisiyofulbin, wanda iyayenmu suka sani da Fulcin, shi ne tsohon hannu. An gano shi a 1939, kuma a 1958 wani masani a Jami'ar Gilasgo ya nuna yana warkar da makero a jikin ɓeran Masar idan an ba shi ta baki. Tun daga nan ya zama maganin kora a duniya. Yana da araha, ana samunsa ko'ina, kuma yana aiki, sai dai a hankali, kullum ba fashi na tsawon makonni. Ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo, don haka ake haɗa shi da man shanu ko kifin gwangwani. Matsalarsa biyu, duka manya. Yana nakasa ɗan da ke ciki: 'yan kyanwa su zo da tsagaggen ganɗa ko tawayar ido da ƙoƙon kai. To wa zai rantse magen da ke tsallaka katanga kowane dare ba ta da ciki? Cikin mage wata biyu ne da 'yan kwanaki, kafin a lura an riga an yi ɓarna. Na biyu, a wasu maguna yana durƙusar da ɓargo, jini ya ƙare ba a ankara ba. Mace mai ciki ma kada ta riƙa ɓare shi da hannunta. Ga namijin kare babba zan iya yarda da shi. Ga mage, sai in babu wani.

Ketokonazol na haɗiya shi ma ba tsada, kare yana ɗaukarsa daidai gwargwado idan an ba shi da abinci. Mage ba ta jure shi: amai, ƙin abinci, rama, ciwon hanta. Ko a wajen mutane, a 2013 hukumomin magunguna na Turai da Amurka sun taka masa birki saboda illar da yake yi wa hanta. Yana kuma rage sinadarin mazakuta, wanda ke ajiye kare don barbara ya san da haka.

Fulukonazol, ƙwayar nan da ake ba mata saboda ƙaiƙayin gaba, tana cike a kowane kemis, kuma za a iya cewa ai duk maganin fumfuna ne. A kan makero shi ne mafi rauni a cikinsu. A wuce shi.

Saura biyu, kuma su ne ƙungiyar likitocin fatar dabbobi ta duniya ta fifita a jagorar da ta fitar a 2017, ta fuskar aiki da ta aminci: itirakonazol da tabinafin.

Itirakonazol ana ba mage miligiram 5 a kan kowane kilo na nauyinta, sau ɗaya a rana. Yana taruwa a fata da gashi ya daɗe, shi ya sa ake yin sati ɗaya a huta sati ɗaya, har zagaye uku. Kwana 21 ke nan na ba da magani a cikin sati biyar, kuma wanda ya sha yaƙushi ya san darajar satin hutun. Akwai na ruwa da aka yi domin mage, Itrafungol, rabin mililita a kan kowane kilo, ana zuƙa da sirinji. In an same shi, magana ta ƙare. Abin da aka fi samu a nan shi ne kafso na mutane mai miligiram 100, irin su Sporanox. Kyanwa mai kilo 2 miligiram 10 take buƙata, kashi ɗaya cikin goma na kafso ɗaya. Sai an buɗe shi an raba 'yan ƙwayoyin da ke ciki, masu kama da gero, kashi goma daidai, ba tare da an niƙa su ba. Aiki ne da kuskure ke da sauƙi a cikinsa. Ga kare mai kilo 15 zuwa 20 kuwa kafso ɗaya ya yi daidai, sai dai aljihu ya ji a jikinsa. Shi ma ba a ba mai ciki.

Tabinafin, wato Lamisil da 'yan'uwansa masu sauƙin kuɗi, ƙwaya ce mai miligiram 250 da ke karyuwa da kyau. Ana ba da miligiram 30 zuwa 40 a kan kowane kilo, sau ɗaya a rana, kullum. Mage mai kilo 4 rabin ƙwaya, kyanwa mai kilo 2 rubu'i. Kare mai kilo 15 ƙwaya biyu, ninki biyu na abin da babban mutum ke sha, domin jikin dabba yana fitar da shi da sauri. Mai kemis zai zaro ido ya ce ya yi yawa, a nuna masa takardar likita. Illarsa da aka fi gani amai ne, ba da shi cikin abinci yana ragewa.

Da za a ce in zaɓar wa mai mage a Katsina ko Daura, tabinafin zan ce, saboda ana samunsa, ana iya raba shi ba tare da lissafin gero ba, kuma kuɗinsa bai kai na ɗayan ba. Itirakonazol na ruwa ya fi shi daɗin sha'ani ga wanda ya samu kuma zai iya. Ko wanne ne, likitan dabbobi ne zai yanke adadi bayan ya auna nauyi, ba ƙiyasin ido ba, gashi yana ruɗi. Tamu da muke gani kamar tulu, da aka saka ta a jaka aka rataya a sikeli kilo 2 ce cif. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali. Idan dabba ta daina cin abinci, ko farin idonta da dasashinta suka yi rawaya, a tsayar a koma wurin likita a ranar.

Baƙin mai da 'yan'uwansa

Da na gaya wa maƙwabcina abin da likita ya rubuta, dariya ya yi. "Ɗana, shekara talatin ina kiwon karnuka. Baƙin mai nake shafa masu, wata biyu, uku, gashi ya dawo."

Na ce, "Baba, wanda ba ka shafa wa ba fa?"

Ya yi shiru, ya ce akwai wata jar karya da ta ƙi yarda a kama ta a shafa mata, ita ma dai gashin ya dawo.

Ba ƙarya yake yi ba, karnukansa suna warkewa. Wata ukun nan ne da jiki ke yin aikinsa, sai yabo ya tafi wurin duk abin da aka shafa. Abin da baƙin mai ke ƙarawa shi ne dattin inji da ƙarafa masu guba, waɗanda dabba ke lashewa su tafi hanta da ƙoda. Kananzir yana ƙona fata, ruwan batir kuwa ba a ma maganarsa. Dettol da Izal suna da amfaninsu a gida, amma sinadaran da ke cikinsu hantar mage ba ta iya sarrafa su, ko takawa ta yi ta lashe ƙafa yana iya kwantar da ita. Tafarnuwa da ake goga wa yara a makero tana ƙona fata, kuma idan mage ko kare ya ci tana farfasa jini. Lalle ma haka yake yi wa karen da ya lashe shi da yawa. Ruwan ganyen bedi da man kaɗanya su ne masu sauƙin illa a cikin na gida, suna tausasa ɓawo, amma ba sa kaiwa saiwar gashi. Tunda ana maganar guba: farasitamol ƙwaya ɗaya tana iya kashe mage.

Masu dawaki

Wanda ke da doki lissafinsa daban ne. Makeron doki yakan fito inda majayi ke bi da ƙarƙashin sirdi, wurin da gumi da gugar fata suka haɗu. Lokacin hawan Sallah a Katsina ko Hawan Magajiya a Daura, ana aron sirdi da linzami da kayan ado daga wannan barga zuwa waccan, sati biyu ko uku bayan hawa sai a ga tabo ya ɓulla. Ƙwayar haɗiya ga dabba mai kilo ɗari uku ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma galibi ba a buƙatarta. Wankan enilkonazol ko na farar wuta ya isa, tare da wanke kayan hawa da buroshi, kowane doki da nasa. Haka ɗan maraƙin da ya yi farin ɓawo kewaye da ido.

Gida

Wannan ne ba a saye a kemis, kuma shi ne ya fi cin rai. An keɓe dabbar a ɗaki ɗaya mai siminti ko tayil, babu kafet, babu katifa. Kullewa ba wulaƙantawa ba, kowa ya san abin da aka faɗa game da matar da ta tsare mage ba ci ba sha. Abinci, ruwa, kaskon yashi, kuma babba ɗaya ya riƙa shiga yana wasa da ita, ya wanke hannu in ya fito.

Irin makero ba ya hayayyafa a bango ko a ƙasa, kwanciya kawai yake kamar ƙura, a jikin gashin da ya zube. Saboda haka kwashe gashin ya fi kowane ruwan magani muhimmanci. Shara da busasshiyar tsintsiya tayar da shi take yi, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, a wanke da omo, sannan a bi da bilic irin su Hypo ko Jik, kashi 1 cikin ruwa kashi 10, ya yi minti 10, a ɗauraye, ya bushe kafin dabbar ta taka. Bilic na daɓe ne, ba ya hawa jikin dabba. Zannuwan gado da tsumman da take kwanciya a kai a wanke sau biyu a jere, a shanya a rana. Kwalin da aka kawo ta a ciki mun ƙona shi.

Idan yaro ya kamu a jiki, man shafawa na mutane ya wadatar, a ci gaba bayan tabon ya ɓace kamar yadda aka rubuta. Idan a kai ne, wato kora, sai asibiti, domin shi ma gashi ne, sai da na haɗiya. Kuma kada a ɗora wa mage laifin kowace kora. Mafi yawan korar da ke kan yara a ƙasashenmu daga mutum zuwa mutum take, ta injin aski da mataji da hula. An sha kai mage bayan kasuwa a yar, alhali mai askin unguwa ne ya kamata a yi wa magana.

Tsirowar gashi ba ta nufin an warke. Inda ake da hali, sai an sake shuka gashi an ga bai tsiro ba ake tsayawa. Yawanci abin kan ɗauki sati 6 zuwa 8, mai dogon gashi tana iya wucewa. Mu likita ya sake haska tamu da fitila a sati na biyar, ya ga sili biyu suna ƙyalli a gefen kunne, ya ce, "Malam, ƙara sati biyu, kada ka gaji." Rubu'in ƙwayar tabinafin a cikin kifin gwangwani kowace safiya, wanka Litinin da Alhamis, ni da tawul da safar hannu, uwargida da agogon waya tana ƙirga minti goma. A sati na bakwai fitila ba ta nuna komai ba. Da aka buɗe ɗakin, kyanwar ta wuce kowa ta haye kan buzun kakarsu, ita kuma ta ɗaga carbi ta ce a zo a ɗauke mata wannan abin.